Kafin ’Yan Gwangwan Su Auna Fijo ta Ƙarshe

A gidaje da dama a Kaduna da Zariya da Kano akwai wata mota da ta shekara goma ko fiye tana tsaye a gindin darbejiya ko a lungun katanga. Tayoyinta sun sace, fentinta ya koɗe, kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin kwana. Sau da yawa Peugeot 504 ce, wadda kowa ya fi sani da Fijo. Wani lokacin tsohuwar Marsandi ce ko Bitil. Ranar da mai ita ya rasu aka zauna rabon gado, ba a ɓata lokaci a kanta. A kira ’yan gwangwan su sassare ta, su auna ƙarfen da kilo, a raba kuɗin. Ta haka motocin da aka haɗa a Najeriya suke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ba mai ƙirgawa.

A ƙasar Hausa, wanda ya ɗauki irin wannan mota ya ce zai raya ta don sha’awa, kallon mai almubazzaranci ake yi masa, ko wanda ya rasa abin yi. Wannan kallo yana buƙatar gyara. Raya tsohuwar mota da kula da ita na daga cikin ’yan hanyoyin da suka rage na adana shaidar zamanin masana’antun ƙasar, da adana wani ilimin hannu da ke tafiya tare da masu shi. Lokacin yin hakan kuwa ya kusa ƙurewa.

Yadda motar Faransa ta zama ’yar Kaduna

Kamfanin Peugeot ya fitar da 504 a Faransa a 1968, bayan kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana siffarta, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara ta Turai. Amma a Afirka ta yi sunan da ya fi daɗewa. A 1975 ta lashe gasar tseren Safari ta Kenya, ɗaya daga cikin mafiya wahala a duniya, a hannun direba Ove Andersson. A wannan shekarar ce masana’antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci. An yi shekaru ana ɗauko sassan motar a jirgin sama daga birnin Lyon zuwa filin jirgin saman Kano, sannan a kai su Kaduna a haɗa.

Kakuri ɗaya ce daga cikin masana’antu shida da gwamnati ta kafa da haɗin gwiwar kamfanonin Turai a shekarun 1970: Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, ANAMMCO mai haɗa manyan motocin Mercedes-Benz a Enugu, Steyr a Bauchi, da mai haɗa manyan motocin Fiat a Kano. Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a Fabrairun 1976, gwamnatin Janar Obasanjo ta ɗauki manufar rage ƙawa, Fijo ta zama motar jami’an gwamnati. Ƙaramin ma’aikaci yakan same ta da rancen mota, direban tasha yakan cika doguwarta da fasinjoji daga Kano zuwa Jos, manomi da ɗan kasuwa suna da a-kori-kura. An daina ƙera ta a Turai a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har fiye da shekara ashirin bayan haka.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin albashi, motocin Kwatano suka cika kasuwa, yawancin masana’antun nan suka durƙushe. A garin Sochaux na Faransa akwai gidan tarihin Peugeot, inda aka jera motocin kamfanin bisa tsarin shekarunsu. A Najeriya kuwa, motar da aka fi sani a gidan tarihi ita ce Marsandin da aka harbe Murtala a cikinta, wadda ke ajiye a Onikan a Legas, kuma abin da ya faru a cikinta ne ya sa aka ajiye ta. Motar da dubban ma’aikatan Kaduna suka haɗa da hannunsu an bar ta ga sikelin ’yan gwangwan.

Abin da ya sa take gyaruwa

Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, tana ɗaukar mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30 kuma an kiyaye ta a kan asalinta. A Birtaniya, motar da ta haura shekara 40 ana ɗauke mata harajin hanya. Da wannan ma’auni, mafi yawan Fijo 504 da ke tsaye a gidaje sun riga sun zama kayan tarihi.

Sa’ar da aka yi ita ce irin wannan mota an yi ta ne don hannu ya gyara. Injinta mai silinda huɗu, na ƙarfin cc 1796 ko 1971, gangar jikinsa ƙarfe ce, kansa kuma alminiyam. Sarƙa ce ke juya sandar da ke buɗe bawul, ba bel ba. Kafireto ne ke gauraya mai da iska, distiributa ke raba wuta ga filogi. Babu kwamfuta a jikinta. Duk abin da ya lalace ana iya ganinsa, ko a ji shi da kunne, ko a shaƙi warinsa. Mutum mai haƙuri da ke da sufana da littafin gyara zai iya koyon sauya baƙin mai, da wanke kafireto, da daidaita tazarar bawul, a cikin ’yan Asabar kaɗan. Motar zamani, wadda sai an jona mata na’ura kafin ta faɗi ciwonta, ba ta ba mai ita wannan dama.

A nan amfanin farko yake ga likita ko lauya ko ma’aikacin banki da ke yini a gaban allo. Aikin ofis yakan bar mutum bai san ko ya yi daidai ba sai bayan watanni, wani lokacin ma ba zai taɓa sani ba. Inji kuwa ba ya jin bayani. Idan an ɗaura daidai zai tashi, idan an yi kuskure zai ƙi.

Faci daban, kulawa daban

Babban darasin wannan sha’awa shi ne bambanci tsakanin faci da kulawa. Al’adar da ta yi katutu a gareji da yawa ita ce ta faci: a jira abu ya lalace, a yi masa dabarar da za ta kai mai mota gida. Misali mafi bayyana shi ne yadda ake yi da ruwan inji. Mota ta fara zafi, sai a cire ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwa a jefar, a ce na ƙasashen sanyi ne, a cika lagireto da ruwan rijiya. Ruwan rijiya yana barin gishirin ƙasa a cikin bututu, yana jawo tsatsa, hanyoyin lagireto su toshe a hankali. Ranar da zafin ya wuce kima, kan injin na alminiyam ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Abin da gorar ruwan sanyaya inji da wankin lagireto za su hana ya koma sauke inji. Rigakafi ya fi magani, kuma a kan mota ana iya lissafa bambancin da naira.

Mai raya tsohuwar mota dole ya koyi bin tsari, kuma tsarin ya saba wa abin da ido yake so. Ido fenti yake so a fara yi, alhali fenti ne na ƙarshe. Abu na farko takardu: lambar jikin mota da ta inji su yi daidai da abin da ke rubuce, kuma magada su amince da sayarwa. Na biyu ƙarfen jiki. A ɗaga shimfiɗar ƙasa, a duba ƙasan ƙofofi da wurin ajiye taya da inda ƙafafun mota suke haɗuwa da jiki, domin inji yana gyaruwa da sauƙi, amma ruɓaɓɓen ƙarfe yakan cinye kuɗin da ya fi darajar motar. A nan Arewa ta fi kudu sa’a, saboda busasshiyar iska ba ta cin ƙarfe kamar danshin bakin teku. Abin da rana take ci shi ne roba: bututun ruwa, bututun mai, robar gilashi, da saman dashbod.

Na uku birki. Man birki yana jan danshi daga iska, don haka ake sauya shi duk bayan shekara biyu ko da motar ba ta motsa ba. Taya ma tana tsufa a tsaye. Lambobi huɗu da ke gefenta suna nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, kuma tayar da ta yi shekara goma ba abin dogaro ba ce ko da zanenta bai goge ba. Sai tsarin sanyaya inji, sai wayoyin wuta, sai injin kansa. Bayan an gama kuma, zama ya fi tafiya kashe mota. Fetur yana lalacewa a tanki cikin ’yan watanni, batir ya mutu, birki ya kame. Dole a riƙa fita da ita akai-akai har injin ya ɗauki zafinsa, a kuma yawaita duba matatar iska lokacin hunturu.

Akwai kuma batun asali. A Habana ta ƙasar Kuba, motocin Amurka na shekarun 1950 suna yawo har yau, amma da yawansu an sauya musu inji da na dizal daga wasu motoci, saboda takunkumin ciniki ya hana samun kayan gyara. Wannan larura ce, kuma direban tasha da ya yi makamancin haka don ciyar da iyali ba a ga laifinsa ba. Amma mai raya mota don adana tarihi, idan ya cire injinta ya dasa na wata, abin da ya rage masa kwanso ne kawai.

Ilimin da ke tafiya da masu shi

Ƙarfe zai iya jira, mutane ne ba za su jira ba. Bakaniken da ya koyi aiki a kan Fijo a shekarun 1970 da 1980, wanda yake daidaita kafireto da kunne, yanzu ya manyanta. Yaran da ke garejinsa Toyota da Honda suke koyo, kuma suna da gaskiya, domin can ne abinci yake. Haka mai gyaran wuta da ke iya sake naɗa wayar janareto, da mai bugun jiki da ke iya fitar da siffar ƙofa daga fallen ƙarfe da guduma. Wannan ilimi ba a rubuce yake ba. A kasuwar Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano har yanzu ana samun kayan Fijo da mutanen da suka san su, amma kowace shekara suna raguwa.

Da tsohuwar zuma ake magani. Mai sha’awar da ya kai motarsa wurin irin waɗannan dattawa, ya biya su haƙƙinsu cikakke, ya tsaya ya kalla, ya yi tambaya, ya rubuta ko ya ɗauki bidiyo, ya yi aikin da wata jami’a ba ta yi ba. Ya kuma mayar wa sana’ar hannu wata martabar da masu digiri suka daɗe suna hana ta.

Abin da masu suka suke faɗa

Sukar farko ta kuɗi ce. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, kuma mota mai kafireto ta fi ta zamani shan mai. Wannan gaskiya ne. Wanda bai gama da kuɗin makarantar ’ya’ya ba, ba shi da hurumi a nan. Haka kuma bai kamata kowa ya shiga da tunanin riba ba, domin abin da ake kashewa wajen raya mota da wuya ya dawo a ranar sayarwa. Sai dai ƙasar Hausa ba baƙuwar sha’awa mai cin kuɗi ba ce. Mai kiwon doki don hawan sallah yana ciyar da shi shekara guda saboda fitar ’yan kwanaki, kuma ana ganin hakan riƙon al’ada ne. Motar da ake fita da ita sau biyu a wata ba ta kai doki ci ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi: tsaro. Fijo 504 ba ta da jakar iska, ba ta da birkin da ke hana taya kamewa, kuma jikinta ba ya kare fasinja a karo kamar na motar zamani. Babu gyaran da zai sauya wannan. Saboda haka motar sha’awa ba ta kai yara makaranta kullum ba ce, ba kuma ta tafiyar dare a hanyar Abuja ba. Matsayinta shi ne gajeriyar tafiya da rana, da bel a ɗaure, da birki mai kyau. Wanda ya ƙi yarda da wannan iyaka ya fita daga sha’awa ya shiga ganganci.

Abin da ya rage a yi

Ba sai an jira gwamnati ba. Magadan da ke da irin wannan mota a tsakar gida, kafin su kira ’yan gwangwan, su tambaya ko a cikin dangi akwai mai son riƙe ta a kan farashin da aka yi yarjejeniya. Idan babu, su nemi mai sha’awa a waje, domin kusan kullum zai biya fiye da kuɗin kilo. Masu sha’awar da ke warwatse a birane su san juna, su riƙa musayar kayan gyara da sunayen ƙwararru. Kwalejojin fasaha, musamman na Kaduna inda aka haɗa motar, za su iya ajiye guda ɗaya mai aiki a sashen koyon injiniyan motoci. Babu abin koyarwa da ya fi injin da ɗalibi zai iya kwancewa gaba ɗaya ya mayar.

Wanda kuma yake tunanin farawa, ya fara da mota ɗaya mai lafiyayyen ƙarfe da cikakkun takardu, ya nemi dattijon bakanike tun yana da ƙarfin riƙe sufana, ya sayi littafin rubutu ya riƙa shigar da duk abin da aka sauya da ranar da aka sauya shi. Bayan shekara ashirin, wannan littafin zai iya fin motar kanta daraja.