Wahalar da Ake Tafa wa da Wadda Ake Toshe wa Kunne

Masu iya magana na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da wannan karin magana za mu buɗe ƙorafinmu a kan wata ɗabi'a ta masu sauraro: su so labarin tuban mutum, amma su ƙi mutumin da ya tuba. Misalin da za mu kafa hujja da shi shi ne Lecrae Moore, mawaƙin gambara Kirista na ƙasar Amurka.

An haifi wannan bawan Allah a birnin Houston na jihar Teksas a shekarar 1979. Mahaifiyarsa ce ta raine shi, domin miyagun ƙwayoyi sun ɗauke mahaifinsa daga gida. Shi da kansa ya bayyana cewa wata mai reno ta ci zarafinsa yana ƙaramin yaro, kuma da ya tasa sai ya faɗa shaye-shaye da sayar da ƙwaya. Yana da shekara 19 ya halarci wani taron addini a birnin Atlanta, inda wa'azi ya ratsa shi ya ba da gaskiya. A 2004 shi da abokinsa Ben Washer suka kafa kamfanin Reach Records. Faifansa mai suna Gravity ya ci lambar Grammy a 2013, a 2014 kuma Anomaly ya hau kan gaba a jerin Billboard na ƙasar baki ɗaya.

Har zuwa nan, coci-cocin da galibin mabiyansu fararen fata ne sun rungume shi hannu biyu. Suna gayyatarsa taron matasansu, suna nuna shi a matsayin ɗan kwararon da imani ya wanke. To, amma a watan Agusta na 2014 ɗan sanda ya harbe Michael Brown, baƙar fata ɗan shekara 18, a garin Ferguson, Lecrae kuwa ya ƙi kame bakinsa. Daɗin daɗawa, ranar 4 ga Yuli 2016, ranar bikin 'yancin Amurka, ya wallafa hoton bayi a gonar auduga, yana tunatar da cewa halin da kakanninsa ke ciki ke nan a 1776. Nan fa masu tafi suka koma masu jifa, aka ce ya bar bishara ya shiga siyasa, yana raba kan jama'a.

Wannan zargi ne muke cewa ba shi da tushe. Da farko, ina ƙarya a cikin abin da ya faɗa? Ba a haramta bauta a Amurka ba sai a 1865, shekara 89 bayan shelar 'yancin. Na biyu, su waɗannan masu zargi ba su taɓa cewa labarin ƙwaya da rashin uba ya yi nauyi ba. Sun saurare shi da daɗi, domin laifin cikinsa duk na mai ba da labarin ne, babu abin da yake nema daga gare su face hawaye da tafi. Sai da ya ambaci wahalar da ke da alaƙa da tarihin ƙasarsu, wadda ke bukatar su ma su dubi kansu, sannan ta zama siyasa. Ashe ke nan ma'auninsu jin daɗin kansu ne, suka laƙaba masa sunan kishin addini.

Mai yiwuwa wani ya ce mai saye yana da 'yancin barin faifan da bai gamshe shi ba. Mun yarda. Sai dai waɗannan mutane ba a matsayin masu saye suka zo masa ba, ɗan'uwa suka kira shi, kuma wanda ya kira ka ɗan'uwa ya ɗauki alkawarin jin kukanka. Abin da ya biyo baya ya nuna girman cin amanar. A littafinsa I Am Restored na 2020, Lecrae ya bayyana yadda ciwon damuwa ya kama shi, har imaninsa ya yi tangal-tangal kafin ya sake tsayawa. Wato wahala ta farko daga kwararo ta zo masa, ta biyu kuwa daga cikin ɗakin ibada.

Ba mu ce Lecrae waliyyi ba ne, shi ma bai ɓoye kurakuransa ba. Abin da muke cewa shi ne, duk jama'ar da ta ɗora matashi a kan dandali don ya faɗi yadda ya tsira, wajibi ne ta zauna ta ji sauran zancen, har da ɓangaren da ya taɓa ta. In ba za ta iya ba, to tun farko kada ta miƙa masa lasifika.