Bishara Huɗu, Ubangiji Ɗaya

Akwai wata kalmar Helenanci da ya kamata dattawan ikilisiyoyinmu na Kudenda su sani, wato Diatessaron. Ma'anarta "ta hanyar huɗu". Mawaƙan Helenawa suna kiran tazarar da ke tsakanin do da fa da wannan suna, muryoyi biyu dabam da suke daɗin ji tare.

Wajen shekara ta 170, Tatiyan, almajirin Jastin Shahidi, ya ɗauki Matiyu, Markus, Luka da Yahaya ya saƙa su labari guda, aka kira littafin da wannan suna. Ikilisiyoyin Suriya sun yi ta karanta shi a sujada fiye da shekara 200. Amma cikin haɗawar, jerin kakannin Yesu ya ɓace. A ƙarni na 5, Bishop Tiyodoret ya tattara kofi fiye da 200 daga ikilisiyoyinsa, ya maido da Bishara huɗu, kowace da muryarta.

Me ya kawo wannan zance? Bayan rikicin 2000 da na 2002, jama'a da yawa suka ƙaura zuwa kudancin kogin Kaduna. Yau Gbagyi, Bajju, Atyap, Adara da Ham suna zama a benci ɗaya. Muna jin waɗansu shugabanni suna cewa a daina waƙoƙin yare a sujada, a tsaya kan Hausa da Turanci, wai don haɗin kai da rage lokaci.

Muna godiya ga Allah domin Hausa. Tun 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki cikinta take haɗa mu. Duk da haka, ba mu goyi bayan wannan shawara ba. Tsohuwar da ta rasa gidanta, in aka hana ta yabon Allah da harshen uwarta, mun ƙara mata rashi. Yaranmu kuma, da yawansu ba sa jin yaren ko'ina sai a coci.

Ƙungiyar mawaƙa ma murya huɗu take rerawa, ba mai cewa a kori bas domin sofrano. Wahayin Yahaya 7:9 ya nuna mana kowane harshe a gaban kursiyin.

Shawararmu ga majalisar dattawa ita ce a ba kowane yare Lahadinsa bi da bi, a fassara waƙar a taƙaice kafin a rera, a kuma kiyaye lokaci. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.