Gudun mota a lissafi yake, ba a totur ba

Kwanakin baya a hostel wani abokina ya miƙo min waya ya ce, "Mutumina, zo ka ga ikon Allah." Bidiyon wata tsohuwar mota ce a Amurka, ta tsaya a bakin layi tana kakkarwa. Fitila na kawo kore ta ɗaga tayoyin gaba sama, kafin ka ce kwabo ta ɓace. Ya ce, "Wallahi ranar da muka ajiye biro haka zan yi da motar yayana." Na yi dariya, amma maganar ta tsaya min a rai, don na san ba shi kaɗai ke da wannan niyya ba.

Abin da ya nuna min shi ne tseren miƙaƙƙen layi na Amurkawa. Motoci biyu ne ke jerawa, su tashi daga tsaye, su ci kwatan mil, wato kimanin mita 402. Babu kwana, babu zagaye. To ni a ganina mu ɗaliban fasaha muna kallon wasan nan ta inda bai dace ba. Muna ganin hayaƙi da ƙara, muna barin aikin da ya haifar da su.

Ɗauki misalin Ford Fairlane Thunderbolt ta 1964, wadda guda 100 kacal aka ƙera. Kamfanin ya ɗauko inji mai silinda takwas, lita 7, irin na babbar motarsu Galaxie, ya cusa shi a jikin Fairlane wadda ta fi ƙanƙanta. Amma ba su tsaya nan ba. Sun cire rediyo, sun cire na'urar ɗumama ciki, sun sa kujeru marasa nauyi. Bonet da wasu sassan gaba suka koma na fayiba, gilasan gefe suka koma na roba. Har fitilu biyu na gaba suka cire don iska ta bi ta ramukan ta isa kabureta. Batir kuma suka mayar da shi but, don nauyinsa ya danne tayoyin baya su kama kwalta.

Ga lissafin. Motar ta tsaya a kimanin kilo 1,450, injin kuma a takarda ƙarfin doki 425 ne. Kowane doki kenan yana jan kilo uku da 'yan kai. A ce motar gida mai doki 130 da kilo 1,300, kowane doki kilo 10 yake ja. Dokar Newton ta biyu ce da muka haddace tun ND 1 don mu ci jarrabawa: ka ƙara ƙarfi ko ka rage nauyi. Su sun yi duka biyun, kuma kowane kilo sai da aka ɗora shi a sikeli.

Sai ɓangaren da bidiyo ba ya nunawa. Wasan nan a kan titunan jama'a matasan Kalifoniya suka riƙa yin sa, ana ta asarar rayuka. Shi ya sa a 1951 Wally Parks, editan mujallar Hot Rod, ya kafa ƙungiyar NHRA, don a kwashe shi daga titi a kai shi fili mai doka. A can sai an duba motarka kafin ka hau layi. Idan tana cin kwatan mil ƙasa da daƙiƙa 10, dole a yi mata kejin ƙarfe a ciki. Idan ta kai gudun mil 150 a awa, dole a ɗaura mata lema ta tsayawa. Duk da haka a 2008 direba Scott Kalitta ya rasu a tsere, suka rage tsawon filin manyan motocinsu zuwa kimanin mita 305. Masu hular kwano da rigar wuta da motar asibiti a gefe kenan fa.

To mu fa? Mota ta aro, taya ta sha jiki, birkin da ba wanda ya duba, mutum biyar a ciki wasu sun zauna a taga, 'yan kallo kuma sun yi da'ira ba ko igiya a tsakani. Mun kuma sani sarai, idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata ya ninku sau huɗu. Wani zai ce, "Haba malam, murna ce ta rana ɗaya." Na yarda, mun sha wuya, mun cancanci murna. Amma iyayen da suka yi shekara biyu suna biyan kuɗin makaranta sakamako suke jira a kawo musu, kuma tsautsayi ba ya tambayar ko yau ranar murna ce.

Ni ban ce a daina son mota ba, ni ma ina so. Shawarata ga ƙungiyar ɗalibai da sashen injiniyan kanikanci ita ce a shirya mana gasa duk shekara. Kowane rukuni a ba shi injin babur iri ɗaya, ya ƙera ƙaramar mota mai ɗaukar mutum ɗaya. A killace fili, a auna mita 100, malamai su duba walda da birki, a sa hular kwano, a riƙe agogo. Tunda inji ɗaya ne, wanda ya fi iya rage nauyi ba tare da firam ya karye ba shi zai ci. Wannan furojet ne da za ka iya nuna wa mai ɗaukar aiki da alfahari.

Abokina kuwa na ce masa ya bar motar yayansa a gida. Idan gudu yake so, ya zo da sikeli da kalkuleta mu haɗu a wokshop.