Dariyar da Aka Yi wa Mai Tara Faifai

A zaman ƙungiya da ya gabata a nan Gusau, wani matashi daga cikin sababbin membobi ya ɗaga hannu ya kawo shawarar a riƙa ware ɗan wani abu daga kuɗin wata-wata ana sayen tsofaffin faya-fayan garmaho, musamman ƙananan nan masu waƙa ɗaya gaba ɗaya baya, a adana su da sunan ƙungiya. Bai rufe baki ba zaure ya kece da dariya. Wani ya ce, “Mu marubuta ne ko 'yan gwangwan?” Wani ya ɗaga wayarsa ya ce komai yana cikin nan. Na ukun ya gyara zama ya ce ai kayan shagala ne. Yaro ya zauna jiki a sanyaye. Mu ma, tsakani da Allah, ba mu ce uffan ba ranar, kuma shirun nan ne ya dame mu har muka ɗauki alƙalami.

Bari mu fara da mai waya, don kuskurensa ya fi yaɗuwa. Malam, abin da ke cikin wayarka kwafin kwafin kwafi ne. Wani ya ɗauka daga faifai ko daga rediyo zuwa kaset, kaset ya sha rana a gaban mota shekara da shekaru, wani ya juye shi a kwamfuta a shagon masu tura waƙoƙi, ya yanke kai, ya yanke gindi, ya laƙaba masa sunan da ya ga dama. Mu da ke koyar da Hausa a sakandare mun san wannan ciwo. Ka ba ɗalibi aikin rubuto waƙar makaɗi, ya zo maka da waƙar Ɗanƙwairo an rubuta Sa'idu Faru a kanta, in ka yi magana ya ce haka ya gani a waya. Faifai kuwa yana da takarda manne a cibiyarsa, ga sunan mawaƙi, ga sunan waƙa, ga tambarin kamfani da lamba, wani sa'in har da shekara. Wannan takarda ita ce bangon littafi. Wane ne a cikinmu zai yarda a ce tunda Ruwan Bagaja ya cika gari da fotokwafi, a ba yara bugun farko su yi jirgin takarda da shi?

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye a matsayinmu na masu sana'ar kalma. Ƙaramin faifan nan, wanda kamfanin RCA Victor na Amurka ya fito da shi a 1949, faɗinsa inci 7 ne, yana juyawa sau 45 a minti, kuma kowane gefe 'yan mintuna kaɗan yake ɗauka. To, ka ɗauki makaɗin Hausa wanda ya saba raba dare a filin biki, yana ƙara ɗiya bisa ɗiya gwargwadon kyautar da ke zubowa, ka tsayar da shi gaban na'urar kamfani irin su EMI, wadda ta buga waƙoƙin Mamman Shata da na Ɗanmaraya Jos a faifai, ka ce masa lokaci ƙidayayye ne. Dole ya zaɓi ɗan da zai riƙe da wanda zai yar, da sau nawa 'yan amshi za su koma gindin waƙa. Wannan zaɓe shi ne tace rubutu, abin da muke ta fama da matasanmu su koya suna ƙi. Wanda ya ajiye waƙar faifai kusa da wadda aka ɗauka a filin wasa zai ga yadda gwani yake yanke maganarsa da hannunsa. Littattafan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau, irin su Jagoran Nazarin Waƙar Baka da Makaɗa da Mawaƙan Hausa, da muke jingina da su a aji, a kan muryoyin da aka ɗauka aka adana suka tsaya.

Ba mu da aiki sai bugun ƙirji cewa Zamfara ce gidan waƙa. Gaskiya ne. Salihu Jankiɗi ɗan Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar III, namu ne, ya rasu a 1973. Musa Ɗanƙwairo namu ne, ya rasu a 1991. Ga Sa'idu Faru, ga Kassu Zurmi, ga Narambaɗa na Tubali da ya bar duniya tun kaset bai iso ƙasar nan ba. Amma su waɗannan suna da gata, jami'o'i sun yi digiri a kansu. Marayun su ne faya-fayan nishaɗi: na masu goge da masu kukuma da masu kalangu, waɗanda samari da 'yan mata suka yi yayi aka manta, da na baƙin da suka zauna tare da mu. Tun da dogo ya ratsa Gusau ya kai Ƙaurar Namoda a 1929, garin nan bai taɓa zama na harshe ɗaya ba. A Sabon Gari an ji Joromi ta Victor Uwaifo, an ji Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga da ta fito a 1976, a shagunan teloli an ji Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi. Marubucin da ya ce zai gina labari a Gusau ta shekarun 1970 alhali bai san abin da ke tashi a shagon tela da yamma ba, lalube yake yi cikin duhu. Masu rubutun soyayya da suka fi kowa ƙyaƙyatawa a zauren nan, da sun san daga inda aka jiƙa kunnen iyayensu, da sun rage sauti.

Shi kuwa mai maganar shagala, ba mu da ja da shi a fagen fatawa, don ba fagenmu ba ne. Abin da za mu ce kawai, adana abu daban, rawa da shi daban. Waƙar baka tana cikin manhajar da 'ya'yansa ke rubuta jarrabawa a kai, kuma ba mu ji ya cire su daga ajin Hausa ba.

Abin da ya sa maganar ta tsaya mana a rai, mun gani da idonmu. Mun je ta'aziyya wani gida a Tsafe, aka kawo mana fura a ƙwarya, murfinta baƙi wuluk mai rami a tsakiya. Muka ɗaga, sai ga faifan garmaho ne. Bahaushe ya ari sunan faifan mata ya ba wannan abu saboda kamarsu, ga shi yau ya koma aikin mai sunan. Muka tambaya, aka ce marigayin tsohon direba ne, ya bar adaka guda cike da su. Da aka zo rabon gado an ƙidaya gona, an ƙidaya awaki, har buta an ƙidaya, adaka ba wanda ya kalle ta. Garmahon kansa 'yan gwangwan sun auna shi a sikeli sun tafi. Yara sun yi gare da wasu, wasu rana ta lanƙwasa su a bisa kwano. Bakwai muka tsamo, huɗu ne kawai allura za ta iya bi.

Wannan a cikin gari ke nan, inda ake kwana da ido biyu rufe. Ku tuna ƙauyukan Tsafe da na Bunguɗu da 'yan bindiga suka tayar a shekarun nan. Wanda ya gudo da dare goyo yake ɗauka, ba ya waiwayar adaka. Ɗakin da aka bari, in wuta ba ta ci ba, damina da gara za su ci. Kowace shekara da muka ɓata muna dariya, wani abu yana tafiya wanda ba kuɗin da zai dawo da shi.

Su kuwa mutanen waje ba dariya suke yi ba. Kamfanin Strut na Ingila ya fitar da tarin Nigeria 70 a 2001, Soundway ya biyo da Nigeria Special a 2008, Luaka Bop na Amurka ya tono William Onyeabor na Inugu a 2013, duk daga tsofaffin faya-fayan da masu su suka raina. A shekarar 2013 ɗin dai, Sahel Sounds ya buga waƙoƙin finafinan Hausa a kan faifai da sunan Harafin So. Ku duba wannan abin kunya: mu muna rufe fura da faifai, wani a Amurka yana zuba waƙarmu a sabo. A shafin Discogs na intanet kullum ana cinikin faya-fayan Nijeriya da kuɗin waje. Ba mu ga laifinsu ba, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Har yanzu idonsu ya fi karkata ga Legas da Anaca. Ranar da ya juyo arewa sosai, dillalai za su bi gida gida, kuma magadan da suka ba ɗan gwangwan garmaho ba za su hana su adaka ba.

Kada kuma masu tarawa su ɗauka mun zo wanke su ne. Mun san wasu dattawa a garin nan da ke da su jibgi a ƙarƙashin gado, ba su saurara, ba su bari a saurara, in ka roƙi ganin takardar cibiya kawai sai su ce makulli ya ɓata. Wannan rowa ce, kuma ƙarshenta adakar Tsafe.

Shawarar yaron nan ba ta fi ƙarfinmu ba. Kabad ɗaya ake bukata a ɗaki mai inuwa, a jera faya-fayan a tsaye, don in aka kwantar da su bisa juna cikin zafinmu lanƙwashewa suke yi. A wanke su da ruwa mai tsabta da ƙyalle mai laushi, ban da kananzir. A sami littafi guda a rubuta abin da ke jikin kowace takarda da gidan da faifan ya fito. A juye sauti a kwamfuta sau ɗaya da sunansa na gaskiya, a ba ɗalibai su rubuce baitocin. Wanda bai son rabuwa da nasa ya ba da aro na mako guda a mayar masa.

Muna roƙon sakatare ya mayar da maganar cikin ajandar zama mai zuwa, a kuma ba wanda ya kawo ta dama ya ƙarasa abin da aka katse masa. Huɗun nan na Tsafe za mu zo da su a hannu. Garmaho ne ba mu da shi, kuma mun tabbata a cikin masu karanta wannan shafi akwai wanda na mahaifinsa ke ajiye a sito, allura kawai yake nema.