Shawara Ga Mai Son Komawa Tsohon Wasa

Jama'a, akwai wani wasan kwamfuta da a ke kira World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fitar a 2004. Mutanen ƙasashe dabam-dabam su kan haɗu cikinsa ta intanet, kowa da jaruminsa, su ɗaura ƙungiya su tafi yaƙi da dodanni. A 2010 masu biyan kuɗinsa sun kai miliyan 12. Daga baya da yawa suka bari, aure da neman abinci suka ɗauke su.

To, a 2019 sai kamfanin ya komo da wasan yadda ya ke tun farko, da sunan Classic. Tsofaffin 'yan wasa suka yi ta tururuwa, har sai mutum ya yi awoyi yana jira kafin ya sami shiga.

A ganina ba wasan su ke bege ba. Abokai ne, da zamanin da ba su ɗauke da nauyin kowa. Garuruwan cikin wasan suna nan, amma abokan sun watse. Ga shi kuma babban yaƙi ɗaya ya kan bukaci mutum 40, ya ci awoyi da dare. Mai rumfa a kasuwa, ga iyali, ina ya ga wannan lokaci?

Saboda haka wanda zai koma, ya fara neman abokansa na da, ya yanka wa wasan lokaci, ya lissafa kuɗin wata kafin ya biya. In abokan ba su zo ba, ya haƙura. Kowa ya tuna bara, bai ji daɗin bana ba.