Idan Kowa Jikan Sharifi Ne, Wa Ya Rina Tufafin Kano?

A 'yan shekarun nan wata ɗabi'a ta kama 'yan boko masu abin hannu a Kano: da zarar mutum ya kai wani matsayi, sai ya tashi neman asalinsa. Neman ba laifi ba ne, abin da ake nema shi ne abin dubawa. Salsalar da ake bugawa a rataye a falo, ko a raba wajen taron zuri'a, galibi a ɗayan wurare uku take tuƙewa: gidan sarauta, ko Futa Toro, ko ƙasar Larabawa. Birnin da ya yi suna da rini da jima da saƙa da fatauci tun daga Borno har Gwanja ya wayi gari babu mai amsa sunan jikan marini. Ramukan Karofin Ƙofar Mata kuwa ba aljannu suka haƙa su ba.

Wanda yake son gaskiya ba sai ya yi nisa ba, domin unguwannin cikin birni suna ɗauke da tarihinsu a sunayensu. Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Agadasawa sun faɗi inda mutanensu suka fito. Ayagi mazaunin Yarabawa ce tun kafin zuwan Nasara. Dandalin Turawa kuwa sunanta ya fito ne daga Larabawan Arewacin Afirka, waɗanda su ake kira Turawa a da. Madabo tana da alaƙa da malaman Wangarawa, Sharifai da zuriyar Shehu Magili, wanda ya zo zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Sharifai na gaskiya suna nan, an san gidajensu, shi ya sa ma ƙaryar mai aron asali ba ta daɗewa a gaban dattijon unguwa.

Kuskuren masu binciken iri ɗaya ne. Sukan je wajen namiji mafi tsufa a dangi, ya jero musu sunayen maza, wane ɗan wane, har inda ƙwaƙwalwarsa ta tsaya, sannan a cike gurbin da abin da maroƙi ya taɓa faɗa ranar biki. Maroƙi kuwa ba don a yi tarihi yake magana ba. Tsohuwar da ke cikin gida, wadda ta san wadda aka auro daga Bebeji, da wanda aka ɗauko riƙo, da dalilin da ya sa aka bar tsohon gida aka koma Fagge, ba a tambayarta. Wasu kuma su ruga ga Tarihin Kano, wanda Palmer ya buga fassararsa ta Turanci a 1908, suna laluben sunan kakansu. Wannan littafin sarakuna ne da yaƙe-yaƙensu, ba a rubuta shi don majemi ba.

Inda talaka ya bar sawu a rubuce shi ne wajen shari'a da haraji. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, an riƙa rubuta hukunce-hukuncen majalisar Sarki Abbas da na alƙalai, ga rigimar gida da gona, ga gado, ga fansar bayi. Takardun Lardin Kano suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, ga Arewa House a can, ga Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa. Ƙalilan ne daga masu rataye salsala suka taɓa taka ƙofar ɗaya daga cikinsu.

Ba lalaci kaɗai ke hana su ba, akwai tsoro. Sai a 1936 doka ta kammala soke bauta a Arewa, wato kakannin mutane da yawa masu rai a yau sun ga zamaninta. Mai tono yana iya cin karo da kaka ƙwarƙwara, ko bawan rinji, ko Bamaguje da ya musulunta da furfurarsa. Masu cewa a bar kaza cikin gashinta suna da hujja, tunda har yau ana fasa aure a kan binciken asali. Amma ɓoyon shi ne yake ciyar da wannan ƙyamar. Muddin kowane babban gida yana da'awar jinin sarauta, waɗanda asalinsu ya bayyana su kaɗai za su ci gaba da ɗaukar gori, alhali bayin sarki sun riƙe muƙamai irin su Shamaki da Ɗanrimi da Sallama, Agalawa kuma da suka zo a matsayin baƙi sun zama ƙashin bayan fataucin goro.

Lokaci kuma ba ya jira. Ana sayar da gidajen gado a rushe a gina shaguna, an cinye ganuwa a wurare da dama, gara tana cin takardun ajami a cikin adaka, kuma tsofaffin da aka haifa kafin 1950 suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, ba tare da jikan da ke riƙe da waya mai ɗaukar murya ya zauna da su ko da yini ɗaya ba.