Gauraya Ba Gurɓatawa Ba Ce

A shekarar 1991 ƙungiyar makaɗa ta Atheist, daga jihar Filorida ta Amurka, ta fitar da faifan Unquestionable Presence. Wasu masu riƙaƙƙen ra'ayi cikin masoya kiɗan death metal suka ɗaure fuska, wai an gurɓata musu kiɗa da salon jaz da fank na baƙaƙen Amurka. To, ina gurɓatar take? Kiɗan da ya taso da sunan bijire wa ƙa'ida, yaushe ya zama dogarin ƙa'ida?

Mai kunnen basira ya saurari waƙoƙin nan takwas. Steve Flynn yana sauya takun ganga ba tare da zaren waƙa ya tsinke ba. Jitar bas kuwa, wadda aka saba binnewa ƙarƙashin amo, ta fito fili tana jan ragama. Roger Patterson ne ya aza harsashin wannan salo kafin ya rasu a haɗarin mota cikin Fabrairun 1991, sannan Tony Choy ya kaɗa a madadinsa.

A 1993 ƙungiyar Cynic ta bi wannan turba da faifan Focus. Masu ƙorafi su yi haƙuri: in kiɗa ya sauya, rawa ma dole ta sauya.